Allurar Dardumar Alhaji Ɗanmalam

Babu abin da Isma'il yake tsoro kamar ya faɗi maganar da bai tabbatar ba. Ko a ɗakin gwajin duwatsu na Samaru, inda difilomarsa ta sama masa aiki, sai ya sake awo kafin ya buɗe baki.

Wannan halin ne ya tsayar da shi a shagon Alhaji Ɗanmalam a kasuwar Sabon Gari, yana ta jujjuya darduma mai kamfas na nuna alƙibla. Zubaidatu, 'yar mai shagon, ta gaji da jira.

"Malam, saya za ka yi, ko lafiyarta kake dubawa?"

Ya sayi dardumar. Ya dawo ya sayi carbi, ya sake dawowa babu abin saye. Daga nan ta sa masa suna Malam Awo, shi kuwa yana ce mata Zuby a hankali, kamar sunan zai fashe.

Wata rana a shagon ya ba ta labarin allurar kamfas ɗin. A can cikin ƙasa, in ji shi, akwai narkakken ƙarfe da ke kewayawa, shi ke haifar da maganaɗisun da ke jan allurar zuwa arewa. Idan kewayawar ta rikice, jan yakan yi rauni, wani lokaci har ya juya, allura ta koma nuna kudu. Tsofaffin duwatsu sun adana shaidar haka.

Wani maƙwabcin shago, wanda ya daɗe yana son Zubaidatu, yana saurare. Kafin magariba labari ya isa kunnen Alhaji cewa yaron Samaru ya ce rana ta kusa fitowa daga yamma, kuma dardumansa za su ɓatar da masallata.

Saƙon Zubaidatu ya shigo wayarsa: "Malam Awo, Baba ya ce kada ka ƙara zuwa. Wai kana da'awar sanin gaibu. Na kasa cin abinci."

Ya amsa: "Zuby, ki ci abinci don Allah. Zan zo da kawuna, in dai Baba zai saurare ni."

A zauren Alhaji, kawunsa na gefe, Isma'il ya durƙusa. Ya ce fitowar rana daban, jan allura daban. Ka'aba tana nan inda take, kuma rabon da allura ta juya an yi shekaru dubu ɗari bakwai da wani abu.

Alhaji ya kafa masa ido. "To, yaushe za ta sake juyawa?"

Kawu ya zungure shi, alamar ya ce ba za ta taɓa juyawa ba, a wuce wurin. Isma'il ya san wannan amsar za ta iya ba shi Zubaidatu. 

"Baba, ban sani ba. Malamanmu ma ba su sani ba. Allah kaɗai Ya sani."

 Alhaji ya sauke ajiyar zuciya, ya gyara zama.

"An ce mini ka san ranar. Da ka faɗi wata rana, ko ka yi mini ƙarya don ka samu mata, da mun rabu a nan." Ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji. "Na ba Isma'ila Zubaidatu. Bayan Babbar Salla za a ɗaura aure. Allah Ya yi musu albarka."