Zomon Auta da Masu Jifan Kwano

Tun da Auta ta iya tafiya, Kafinta bai taɓa tura ƙofar gidansa da hannunsa ba. Gab da magariba zai yi tari a kwanar layi, ita kuma ta buɗe, ta karɓi jakar kayan aiki, ta kakkaɓe masa garin katako daga gemu tana ce masa mai furfurar aro. A shago har cika baki yake yi, wai duk garin babu wanda ake tarba kamarsa.

Ran da abin ya soma, ya yi tari sau uku, ya ƙara na huɗu a bakin ƙofa, shiru. Ya tura ya shiga. Rana ta faɗi, kaji sun shige, tsakar gida ta yi tsit, ga Auta durƙushe gaban kwali ko ɗagowa ba ta yi ba. Ɗan zomon daji ne a ciki, bai wuce tafin hannu biyu ba, wayar tarko ta yanke masa ƙafar baya har ƙashi ya goce. A gindin tsohon surin da ke filin bayan gida ta tsinto shi. Ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta yi masa ɗori da sababbin fensiran Kafinta guda biyu, ta naɗe da yankin tsohuwar rigarsa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka rage murya, yanzu ya samu barci."

A gidansa, shi ake ce wa ya rage murya.

Mako guda aka yi a haka. Madara ta sirinji, ciyawa mai laushi, kwalbar ruwan ɗumi a cikin tawul, kuma tawul ɗin ma nasa ne. Da ya yi wa matarsa ƙorafi, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙato da gemu yana kishi da abin da bai kai takalminsa ba. Ya rantse ba kishi yake ba, shi dai ya san dabbar gindin suri tana da masu ita. Babu wanda ya saurare shi, sai ya ƙudura zai sa su saurara.

Bayan sallar magariba ya zaga ta bayan katanga, ya jefa tsakuwa uku a kan kwano, ya dawo ta gaba ya shigo yana salati, yana tambayar me ya ji haka. Kwana uku yana yi. Matarsa ta tsorata ƙwarai. Auta kuwa sai ta ɗauke kwalin ta kai shi ɗakinta, gefen katifa.

A rana ta huɗu yana zaune a tsakar gida, yana jiran duhu ya ɗan ƙara, sai dutse ya faɗo kan kwano, mai nauyi, ya gangara a hankali. Kafinta ya shafa aljihunsa. Tsakuwarsa uku suna nan.

Wani ya sake faɗowa. Sannan daga bayan katanga wata siririyar murya ta taso, irin ta tsohuwa mai kiran dabbarta gida, tana kira tana hutawa. Zomon ya miƙe kunne, ya saurara, ya cusa kai cikin zanen Auta. Nan jifan ya tsananta har aka kira isha'i.

Haka aka yi washegari, da wanshekare. Auta ta daina cin abinci. Da rana ta karkata sai ta zauna ta juya wa mutane baya, tana miƙa wa zomon ganye, shi kuma, da bai taɓa ƙin hannunta ba, ya maƙure a lungun kwali yana rawar jiki. A rana ta bakwai Kafinta ya kira sunanta, ta waiwayo ta dube shi kamar baƙon da ya ɓata hanya. Ko takalmi bai tsaya sakawa ba ya tafi ɗauko Malam, dattijon da ke karantarwa a ƙarshen layi.

Malam ya zauna kan tabarma ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Fitila ta yi ƙasa. Jikin Auta ya ɗauki ɓari, sai muryar tsohuwar nan ta fito daga bakinta, ashe aljana ce ta shiga jikinta. Malam ya tambaye ta dalilin da ta hana bayin Allah sakat kwana bakwai.

"Huɗu," in ji ta. "Ukun farko ka tambayi mai gemun can. Jifan ma bai iya ba, ɗaya a randar maƙwabta ta faɗa."

Matar Kafinta ta juyo ta dube shi. Ya sunkuyar da kai.

Aljanar ta ce ji ta yi ana jifa da sunanta, ta leƙo ta ga mai yi mata ƙazafi, sai ta tarar da zomon da ta yi kwanaki tana nema. Ita ta rene shi tun da shaho ya ɗauke uwarsa, a cinyarta yake barci. Ta kira shi, ya ɓuya a zanen 'yar mutum.

"Kwana goma kacal, ya manta muryata. Shi ne na shiga hannun da yake so, ko zai ci daga gare ni. Nan ma ya ƙi."

Ta ce a ba ta abinta yanzu ko ta zauna a jikin yarinyar. Malam ya tambaye ta ko ta iya ɗori. Ta ce ba ta iya ba. Ya ce to in ta tafi da shi yau, gurgu za ta rena, kuma karatun da ya fara bai kai rabi ba. Suna cikin ja-in-ja Kafinta ya matso.

"Baiwar Allah, na san abin da ke cin ki. Ni ma an daina buɗe min ƙofa. Ki sakar min 'yata, ki ba mu kwana goma. Da hannuna zan kawo miki shi, in tsince duk tarkon da ke filin."

Aljanar ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, ta yarda, amma kada a ƙara shafa shi fiye da kima. Auta ta yi atishawa sau uku ta zube jikin uwarta. Da ta buɗe ido, zomon ta fara tambaya.

Kwana goman nan Kafinta ne ke riƙe shi in za a sake naɗi. Auta ba ta ce masa komai sai riƙe nan, saki can, don uwarta ta ba ta labari tas. Ranar cika alkawari suka kwance fensiran, suka ajiye zomon a gindin suri. Ya yi tsalle biyu, ya tsaya, ya shige ciyawa.

Washegari Kafinta ya yi tari a kwana, ya ƙara a bakin ƙofa. Shiru. Ya ɗaga hannu zai tura, sai tsakuwa ta faɗo kan kwano. Ya daskare. Ta biyu ta faɗo. Yana laluben addu'a ƙofa ta buɗe, ga Auta da ta uku a hannu.

"Ni ko ɗaya ba ta faɗa gidan maƙwabta ba," in ji ta. "Kawo jakar, mai furfurar aro."