Gidan Da Na Rantse Babu Kowa

Makulli ɗaya ne ya mai da ni gidan Inna a ranar da na ɗauka na gama da shi.

Wata uku ke nan da rasuwarta. Ni ne babba, don haka ƙannena suka ɗora mini wakilcin sayar da gidan, suka koma gefe suna aiko mini da shawara ta waya. Ban damu ba. A lokacin babu abin da ke damuna. Tun da aka bugo aka ce ta cika, wani abu ya mutu a ƙirjina, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Na karɓi gaisuwa, na ci abinci, na koma aiki. Ko ɗigon hawaye ban yi ba.

Lauyar da ke riƙe da cinikin mace ce mai tabarau a bakin hanci, irin mutanen da ko gaisuwa sai sun duba ta sau biyu kafin su amsa. A ofishinta na yi ta sa hannu har yatsana ya ƙage: takardar rabon gado, amincewar magada, yarjejeniyar ciniki. Ta ƙarshe da bakin biro ta turo mini ita.

"Wannan rantsuwa ce, ka karanta. Akwai wani baligi da ke zaune a gidan? Ɗan haya, ɗan'uwa, ko wanda aka ba aron ɗaki?"

"Babu kowa."

"Ka tabbata? In akwai, sai ya sa hannu da kansa cewa ya yarda zai tashi. Ba na son rigima bayan an tare."

"Ranki ya daɗe, ko kyanwa babu."

Na rantse, ta buga hatimi. Sai ta zube makullan a kan taswirar gidan tana ƙirgawa. Ƙofa bakwai, makulli shida. Mai sayen kuma, wani malamin makaranta mai 'yan mata uku ƙanana, da safe zai tare.

"Je ka nemo na bakwai," in ji ta. Ta miƙo mini wata takarda da ba a cike ba. "Riƙe wannan, ta amincewar mazauni ce, ko ka tarar kyanwar ta shimfiɗa tabarma."

Na san ƙofar da take nufi. Ɗakin ƙarshe ne, bayan kicin. Ban taɓa ganinsa a buɗe ba. Kullum da safe Inna kan share bakinsa, da magariba ta yi masa sallama ta wuce. Muna yara in mun tambaya sai ta ce, "Na Mai Ɗaki ne. Mun tarar da shi. Ba ma taɓa shi, ba ya taɓa mu." Da muka girma muka bar abin a matsayin rigimar tsofaffi.

Rana ta gama faɗuwa lokacin da na tura ƙofar gidan. An yanke wuta tun watan jiya. Babu kujera, babu labule, sai shaidar hotuna a bango da ƙarar takalmina tana dawo mini. Na duba ƙusar bayan ƙyauren Inna, inda take rataye makullin. Ƙusa kawai na tarar.

Na nufi kicin. Ƙura ta kwanta ko'ina, ina tafiya ina barin sawu.

Amma bakin ɗakin ƙarshe a share yake. Shatin tsintsiya sabo fil.

Wari ya taso. Toka mai sanyi da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ƙofar a sakaye take. Duhun ciki bai yi kama da duhun sauran gidan ba. Na haska fitilar waya, hasken ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shiga.

"Ka shigo gida ba sallama, ɗan fari."

Raɗa ce, busasshiya, kamar ana jan takarda a kan siminti. Daga ƙasa ta fito, kusa da ƙafata.

Ban gudu ba. Na jira tsoro ya zo, bai zo ba.

"Salamu alaikum," na ce.

"Yanzu ka yi magana." Wannan karon daga saman kaina muryar ta fito. "An ce ka rantse babu kowa."

Muryar ta ci gaba.

"Tun kafin a ja igiya a filin nan nake zaune. Ba a taɓa rubuta ni a takarda ba. Ba a kuma taɓa musun ina nan ba, sai kai."

"Ban sani ba."

"Ka sani. Uwarka ta san zama da maƙwabci. Masu zuwa gobe ba su san ni ba."

Sai na tuna ranar da malamin ya zo duba gida. Ya ƙwanƙwasa ƙofar nan yana murmushi, ya ce nan zai sa wa 'yan matansa gado.

"Ƙaramarsu tana tafiya cikin barci," in ji muryar. "Ni kuwa ba na son a taka ni."

Wani abu mai nauyi ya juya a ciki. Ƙyauren ya yi kuka.

Na zaro takardar lauya daga aljihu. Hannuna ne ya yi, ba ni ba.

"To ka sa hannu ka tashi."

Ya yi dariya, gajeruwa, kamar tari.

"Wanda ya tashi mutum, shi ke ba shi masauki."

A gidana ɗaki biyu gare ni da ɗan sito. Ina da mata. Na tuna ta, na tuna yarinyar malamin da ta riƙe yatsana ranar nan tana nuna mini giɓinta. Na auna su kamar mai zaɓen tumatir, ban ji komai ba.

"Akwai sito," na ce.

Aka zare takardar daga hannuna.



Ƙauri, irin na tsumma a wuta.

Takardar ta dawo tafina da ɗumi. Makulli ya faɗo gaban takalmina.

Na sunkuya zan ɗauka, sai na ji numfashi a ƙeyata.

"Ni na zauna da ita ranar. Sau biyu ta buga maka, ka ce kana taro."

Na kasa miƙewa.

"Ta kira sunanka."

Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Wannan yaron" take ce mini har na yi furfura.

"Sau uku ta kira. Sannan ta bar maka magana."

"Me ta ce?"

"Sai na zauna a sitonka tukuna."

Yatsu masu sanyi, dogaye, suka zagaye wuyan hannuna. Sun zagaye shi sau biyu.

A nan tsoron ya iso, gaba ɗaya. Na fizge. Na yi karo da bangon kicin. Ƙofofin gidan suna rufe kansu a bayana, ɗaya bayan ɗaya. Ta waje ta kama gefen rigata, na bar mata shi.

A titi na faɗi. Wani mai shago ya ɗaga ni yana tambaya ko ɓarayi ne. Na ce a'a.

Har gida ina jin taku biyu, nawa da wani.

Washegari lauya ta daɗe tana kallon takardar. A wurin sa hannu akwai shaidar babban yatsa, ƙonanniya, doguwa, ba ta da zane ko ɗaya.

"Wane ne wannan?"

"Tsohon mazauni ne. Ya tashi."

Ta cire tabarau, ta mayar. Karon farko ban ga ta karanta abu sau biyu ba. Ta tura ta can ƙasan fayil, ta buga hatimi.

Malamin yana nan lafiya da 'yan matansa. Ya ce ɗakin ƙarshe ya fi ko'ina daɗin barci.

Ƙofar sitona kuwa tun ranar ba ta sake buɗuwa ba. Matata ta ce laima ce ta kumbura katakon, ta ce a kira kafinta. Na ce ta bari. Tana mini tsiya wai tsufa ya zo mini da son shara, don kullum da safe ni ke share bakin ƙofar.

Da magariba nakan yi sallama, in tsuguna, in tambaya a hankali, "Me ta ce?" A nan nake yin kukan da ban yi ba a ranar jana'iza.

Wata takwas ke nan bai faɗa mini ba. Ni kuma ya san ba zan taɓa ba shi takardar tashi ba.