Tagar Dona Maroca

Ranar da Jussara ta fara ganin Valdir, ba shi ta je nema ba. Ubansa ta je yi wa tatas.

Karnabal, bikin kiɗa da rawa a titi na shekara-shekara, ya matso, garin ya cika da kiɗa da zafi da ƙaurin raken da ake ƙonawa a gonaki. Ta taso daga gidan burodin da take aiki, ko fulawar hannunta ba ta wanke ba, ta nufi rumfar da ƙungiyar Seu Nonato ke gwajin kiɗa. Saurayi ɗaya ta tarar a kan akwati, yana goge ƙahonsa na tagulla.

"Ina mai wurin?"

"Baba ya fita. Ni ɗansa ne, Valdir. Lafiya dai?"

"Da lafiya za ka gan ni a nan?"

Babu wanda bai san wasan Seu Nonato ba. Duk shekara sukan sa wa wata budurwa tsumma, su shafa mata laka a gashi, su ɗaura mata igiya a ƙugu, su ja ta a titi ana kiranta Mahaukaciya Maroca. In sun iso wani ɗan gida mai shuɗin fenti a titin kasuwa, sai su tsaya su rera waƙarta. A cikin gidan kuwa Maroca ta gaskiya take, wadda masu girmama ta ke kira Dona Maroca, wato Uwargida Maroca, tsohuwa mai sayar da wainar rogo, wadda lalura ta taɓa fitarwa titi tana budurwa, aka ɗaure ta aka kai ta asibitin birnin Recife ta yi shekaru. Ta dawo, tana shan maganinta, ba ruwanta da kowa. Duk Karnabal takan rufe taga ta ƙure rediyo, kuma garin nan kaf bai taɓa jin kunya ba.

"Ai wasa ne kawai," in ji Valdir. "Tun ina yaro ake yi."

"An taɓa ɗaure ka?"

Ta naɗe hannun riga ta nuna masa wuyan hannunta. Tabon ya dushe, amma yana nan.

"Ni an ɗaure ni a gadon asibiti, ina kiran uwata har muryata ta dushe. Baifola likita ya ce sunan abin, ciwon da kan ɗaga mutum sama ya kuma sauke shi ƙasa. Ina shan magani safe da yamma, ina aikina, ba na roƙon kowa. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta masu karɓar magani a cibiyar unguwa, Dona Maroca kuma 'yar ƙungiyarmu ce. Ka gaya wa ubanka mun gaji."

Valdir ya ajiye ƙahon. "Ban taɓa tunanin tana ji ba."

"Kurma ce?"

Ya dai roƙi lambarta, wai don ya sanar da ita in babansa ya dawo. Ta san ƙarya ce, ta ba shi.

A shekarar nan wasan bai fasa ba. Amma saƙonnin Valdir ma ba su fasa ba.

"Barkonona, na wuce ta gidan burodinku. Na sayi burodi uku alhali ni kaɗai ne, don dai ki ƙara hararata."

"Wa ya ce ni barkononka ce? Ka je ka busa wa igiyarku ƙaho."

"Na je na gaishe da Dona Maroca. Ta ce ƙahona ya fi na Baba daɗi, amma duk da haka ciwon kai yake sa ta."

Wannan saƙon ya sa ta dariya ita kaɗai a bayan tanda. Sannu a hankali ya zama mai rako ta gida, mai ɗauko musu kujeru ranar taron ƙungiya. In hannunta ya kama rawa saboda maganin, yakan karɓi kofin kofi ya riƙe mata.

Da damina ta kankama sai abin ya sauke ta ƙasa. Ta kasa tashi, ta kasa wanka, ta tura masa: "Ka nemi wata. Haka nake, kuma zai sake dawowa." Ya zo da dambun masara da ƙwai, ya zauna a ƙofar ɗakinta yana ba mamarta labarin banza da ƙarfi don ta ji. Haka ya yi ta yi har ta fito. Ranar da ta fito ne ta san tana son shi, kuma abin ya ba ta tsoro.

Wata Lahadi ya kai ta gidansu cin abincin rana. Seu Nonato ya bari aka gama zuba wake da shinkafa, sannan ya share gashin bakinsa.

"Yarinya, ba ni da komai a raina game da ke. Amma gidana ba a taɓa samun irin wannan jinin ba. Ga Cleide nan, yarinya lafiyayya, ita ke mana Maroca duk shekara, da ita na so ya zauna. Tun da ya nace, sharaɗina ɗaya ne. Ki bar ƙungiyar nan, ki daina shiga rediyo kina tallar ciwonki, ki bar mini wasana. Ki yi shiru, mutane za su manta."

Jussara ta ajiye cokali. "Seu Nonato, ku kuna da izinin kiran sunan ciwonmu da ganga a titi, ni mai ciwon ce zan yi shiru?"

"Kun ji ko? Kun ji yadda take ɗaga murya?"

Ta miƙe ta fita. Valdir ya tsaya ya kama hannun ubansa zai sumbata kamar yadda yake yi kullum. "Sa mini albarka, Baba." Tsohon ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

Ba a yi sati ba Cleide ta yi nata. Ta tono wani tsohon bidiyo na ranar da lalurar ta fara kama Jussara a tashar mota, tana ihu, maza suna danne ta. Ta sa shi a zauren wayar unguwa, ta rubuta a ƙasa: "Baɗi ba sai na sa tsumma ba, mun samu ta asali." Mutanen da ke sayen burodi a hannunta kullum suka yi ta tura fuskar dariya.

Jussara ta tarar da Valdir a rumfa, jikinta yana ɓari.

"Ka gani? Ka ga abin da 'yar wasanku ta yi? Wallahi sai na kai ƙara, sai na tsaya a gaban majalisar gari na faɗi sunayensu ɗaya bayan ɗaya!"

"Kwantar da hankalinki, Barkonona." Ya dubi hannunta, ya sassauta murya. "Kin sha maganinki yau?"

Ta tsaya cak. Tambayar nan ta sha jin ta daga maƙwabta, daga mai gidan burodi, har daga mamarta. Tun ranar da likita ya sa wa abin suna, ba ta ƙara yin fushi an ɗauke shi fushi ba. A taka ta, ta ce wayyo, a ce ciwon ne ya tashi.

"Na sha," ta ce a hankali. "Na sha da safe, a gaban Mama, in kana neman shaida. An tozarta ni a gaban gari, kai kuma kwalbar magani kake dubawa. Kai da ubanka duk ɗaya ne, shi dai ya fi ka gaskiya."

Ta toshe lambarsa. Ta yi kukanta, ta je wurin likitarta ta faɗa mata komai, ta ci gaba da aikinta. Ta je majalisar kuma kamar yadda ta ce, suka saurare ta, suka ce al'ada ce, za a duba.

Wata rana saƙo ya shigo ta wayar mamarta.

"Jussara, ni ne. Na yi kuskure. Ran nan ba ciwo ne ya yi magana ba, ke ce, kuma gaskiya kika faɗa. Tsoro ne ya kama ni, sai na ɓuya a bayan magani don kada in fuskanci Baba. Ba na roƙon ki huce. Ina son ki a hakanki."

Ta karanta sau biyu, ta amsa: "Magana ba wuya. Karnabal na nan tafe."

Ranar wasan, tun da hantsi Jussara ta isa gidan nan mai shuɗin fenti da 'yan ƙungiyarta. Suka jera kujeru a bakin titi. Dona Maroca ta sa rigarta ta zuwa coci, ta daɗe tsaye a ɗaki.

"'Yata, ƙafafuna sun ƙi."

"To ki zauna a ciki, Dona Maroca. Tagar kawai za mu buɗe."

Tsohuwar ta buɗe da hannunta, ta jingina a kai.

Sai ga kiɗa ya karyo kwana. Seu Nonato a gaba da igiya, Cleide a ƙarshenta tana birgima tana zare ido, jama'a na shewa. Valdir na gaban mabusa, domin shi ke ɗaga waƙa sauran su bi. Jussara ta kafa masa ido. In ya ɗaga waƙar nan, ta gama da shi har abada.

Suka tsaya a ƙofar. Seu Nonato ya ɗaga hannu. Valdir ya sauke ƙahonsa ya rataye a kafaɗa.

"Busa mana!" in ji uban.

"Ba zan busa ba, Baba."

Sauran mabusan suka dubi juna. Ganguna suka ɗan ci gaba, suka rasa abin bi, suka mutu. Cleide ba ta lura da wuri ba, ta ci gaba da gurnani ita kaɗai, kuma da babu kiɗa kowa ya ji yadda abin yake. Wata mata ta ja ɗanta baya.

Jussara ta hau kujera. "Ku rera mana! Ga ta nan a taga, ku rera mata a ido! Ga mu nan mu ma, mai gyaran takalminku, malamar 'ya'yanku, mai ba ku burodi. Wa kuke so ku fara ɗaurewa?"

Dona Maroca ce ta yi magana, da 'yar muryarta.

"Cleide, 'yar nan, tashi. Ba haka nake yi ba. Ni kuka nake yi lokacin, ƙishirwa nake ji. Zo ki sha ruwa."

Cleide ta kwance igiyar da kanta, ta kutsa cikin jama'a kanta a ƙasa. Seu Nonato ya tsaya da igiya ba kowa a jikinta, ya zagi ɗansa, ya zagi 'yan zamani, ya juya da ƙungiyarsa ta wani titi. Valdir bai bi su ba. Ya tako har gaban kujerar.

"Har yanzu kina fushi?"

"Sosai."

"To. Za ki aure ni a haka?"

"Taimaka mini in sauka tukuna, sakarai."

A watan Yuni aka ɗaura auren, lokacin bikin coci na São João, gari na ƙamshin gasasshiyar masara. Dona Maroca ce uwar amarya a coci, 'yan ƙungiya suka cika layin gaba. Seu Nonato, wanda ya rantse ba zai zo ba, ya zo a makare ya laɓe a bakin ƙofa da hula a hannu. Da aka fito, tsohuwar ta tare shi.

"Nonato, tun kana saurayi kake kwarmata sunana a titi. Yau faɗe shi a hankali, ka gaishe ni."

Tsohon ya murɗa hularsa.

"Barka da yamma, Dona Maroca."

"Yauwa. To ga 'ya'yanka can suna jira."

Valdir ya miƙa hannu, Jussara ta miƙa nata, yana ɗan rawa, ba ta ɓoye shi ba. Seu Nonato ya kama duka biyun ya haɗa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, Baba," in ji Jussara. "Ranar Laraba muna da taro a cibiya, kuma kujeru ba sa isar mu. Ka aiko da na rumfarka."

Ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi Dona Maroca, ya ce zai kawo da kansa.