Gwanki Da Ciyawa Mai Ƙoƙo

Wani shaƙaƙƙen fito ne, kamar an busa sarewar da ta tsage. Sai ya yanke, a ji wani abu yana jan ƙasa, ƙuuu, sannan fiton ya dawo. Korau maharbi ya ji shi daga shimfiɗarsa tun zakara bai yi cara ba, ya tashi zaune ya kasa kunne. Ya tsufa a daji, ya san muryar kowace dabba har da wadda take yi in ta ga ajali, amma wannan bai taɓa jin irinta ba.

Yana idar da sallar asuba sai ga sallamar maƙwabcinsa Cindo, sa'ansa ne, tare aka yi musu kaciya.

Cindo ya kira shi da kirarinsa na maharba: "Na-Baushe, in da sauran ranka fito. Wani abu ya shiga mini dawa ya kwantar da ita."

"Da ma a kwance take, ragon manomi," in ji Korau, yana ɗaura warki.

A gonar suka haska tocila. Ga sawun kofato manya, na gwanki namiji. Kusa da sawun ga wani kwari a ƙasa kamar an ja garma, ga jini ɗigo-ɗigo a ganyen dawa daidai ƙirjin mutum. Korau ya tsuguna ya shafa ƙasar. Tarkon waya ne, irin na birkin babur da 'yan zamani ke ɗanawa su tafi su manta. Gwankin ya tumɓuke gungumen da aka ɗaura wa wayar yana ja, ita kuma tana ƙara shaƙe shi. Fiton nan numfashinsa ne.

Cindo ya daina wasa. Ya ce, "Mata na shigowa roron wake da goyo a baya. Gwanki mai ciwo ba ya gudun mutum, kai ka faɗa mini. Ka raba mu da shi."

Korau ya ɗura wa adakarsa albarushi da harsashi, ya soke barandami a ƙugu, ya rataya burgami da gorar ruwa, ya bi kwarin ya yi kudu, gari na shirin wayewa.

Bin sawun bai ba shi wuya ba, makaho ma ya bi shi da sanda. Saboda haka idonsa ya samu sarari ya koma kan abin da ya fi so tun yana yaro, wato itatuwa da ciyayi. Da fari sabara ce da kalgo, 'yan gida. Da hantsi ya ɗaga suka fara yin baya, marke da taura suka karɓe shi. Can gaba doka ta yi duhu, maje ya miƙe sama, gamba ta fi tsayinsa. Yana wucewa yana kiran sunayensu a hankali, kamar mai gaisawa da mutanen unguwa. Ya daɗe yana mamakin wannan abu: babu mai ɗaure wa itace ƙafa, iska na kwasar irinsa ta kai ko'ina, amma kowanne yana da inda yake tsayawa, ya ce daga nan ba ni ba.

A kan wannan mahaifinsa, marigayi Gagare, ya kafa masa doka ran da ya miƙa masa bindiga. Ya ce, "Daji ba shi da katanga, amma yana da iyaka. Muddin kana iya kiran sunan abin da ka taka, dajinmu ne, ka harba. Ran da ka ga tsiron da ba ka san sunansa ba, ka fita daga gonar ubanka. Sauke kunamar bindiga. Baƙo ba ya yanka a gidan da bai san masu shi ba." Haka gidansu suka gada. Korau ya yi furfura dokar ba ta taɓa hawa kansa ba, don bai taɓa rasa suna ba.

Rana ta take tsaka ya hau wani fako mai jan marmara. Nan gungumen ya riƙa sarƙewa a duwatsu, jinin ya ƙaru. Ya shanye ruwan gorarsa, ƙoramun da ya ratsa duk sun ƙafe, don damina ta riga ta naɗe tabarmarta. Da la'asar sawun ya gangara wani kwari tsakanin duwatsu biyu, inda bai taɓa sa ƙafa ba. Ƙasar wurin baƙa ce mai danshi, amma babu ruwa a fili. Sai ya ji fiton, kusa ƙwarai. Ya ɗaga kunama, ya sunkuya ya shiga cikin wata doguwar ciyawa. Ya dafa kara ɗaya zai kawar, sai ruwa mai sanyi ya zubo masa a hannu.

Ya tsaya ya duba. Karan ba kewayayye ba ne, kusurwa huɗu gare shi kamar kafinta ya fere shi. Ganyen faffaɗa ne, da kaushi kamar harshen saniya, biyu-biyu suna kallon juna. Gindinsu ya haɗe ya zagaye karan, har ya zama ɗan ƙoƙo, karan ya huda ta tsakiya ya wuce. Kowace gaɓa da ƙoƙonta, kowane ƙoƙo da ruwansa, ragowar raɓa da yayyafin ƙarshe. Can sama da kansa furanni ne rawaya, kamar na kalankuwa amma sun fi girma, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Wani ɗan tsuntsu ya sauka a gaɓa, ya tsoma baki, ya ɗaga kai sama, ya tashi abinsa.

Korau ya laluba cikin kansa kaf yana neman sunanta. Ya tuna na mahaifinsa, ya tuna na Fulani masu kiwo, ya tuna na masu tallar sassaƙe. Babu. Ya waiga baya: ciyawar ta cika kwarin, amma a bakin fako ta tsaya cak, ko ɗaya ba ta haura ba.

Ga gwankin a gabansa, jifa kaɗan. Ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba, gungumen ya maƙale tsakanin duwatsu, wayar ta nutse cikin wuyansa. Yana miƙa harshe yana lasar ruwan ƙoƙon da ke kusa da shi, rabi na shiga rabi na zuba. Ko yaro ba zai kuskure shi ba.

Zuciya ta ce wa Korau, "Ka raɗa mata suna mana. Ce mata mai-ƙoƙo, ka harba, ka huta ya huta." Har bakinsa ya motsa. Amma ya san sunan da mutum ya ƙaga don biyan buƙatarsa ba shi Gagare ke nufi ba. Suna gado ne, shaida ce cewa wani naka ya taɓa tsayawa a nan. Barin dabbar haka kuma ba zai yiwu ba: ko ta mutu a wulaƙance, ko ta fizge ta koma kan mata a gona da haukan ciwo.

Ya sauke kunama, ya jingine adaka. Ya tanƙwaso kara ɗaya ya sha, tunda tsuntsu ya sha. Ruwan na da ɗan ƙamshin ƙaro. Sannan ya tuɓe rigarsa mai layu, ya zare barandami, ya zagaya ta bayan iska da rarrafe.

Ya kai ga wayar inda ta ɗame a kan dutse. Ya yi bisimilla, ya wurga rigar ta rufe wa gwankin fuska, ya sara. Tartsatsi ya tashi, wayar ba ta yanke ba. Ya sake sara, ya sake, sai ta tsinke, tas. Saura zargen wuya. Ya faɗa kan kafaɗar dabbar, ya cusa yatsu cikin jini da ƙudaje, ya tura wayar baya ta cikin maɗaukinta. Ya ji iska ta shiga ƙirjin gwankin gaba ɗaya, kamar zugazugin maƙera.

Abin da ya biyo baya bai gan shi sosai ba. Ƙasa ta juya, ƙaho ya tsaga masa fata daga haƙarƙari zuwa hammata, ya tashi sama ya faɗo rigingine cikin ciyawar, ƙoƙuna suka yi ta juye masa ruwa a fuska. Gwankin ya tsaya a kansa, yana huci, idonsa ja. Korau bai motsa ba, ko ƙifta ido bai yi ba. Sai dabbar ta kaɗa kai, rigar ta faɗo daga ƙahonta, ta juya ta nufi kudu, tana tafiya tana tangaɗi. Babu sauran fito.

Ya wanke ciwon da ruwan ciyawar, ya ɗaure da rawaninsa. A gindin dutse ya kwana. Da safe ya yanki kara ɗaya mai gaɓa da fure, ya haƙo saiwarsa, ya kama hanya.

Da yamma aka taru a ƙofar gidansa. Ya ajiye zargen wayar a kan tabarma, ya ce gwankin ya yi kudu da numfashinsa, ba zai dawo ba.

"Wato ka je ka yi masa wanzanci kyauta," in ji Cindo. "Ga bindiga a ɗure, ga mu da tukunya a wanke. Tsufa dai bai yi ba."

Korau ya miƙa musu karan. Aka yi ta zagayawa da shi hannu zuwa hannu. Aka kira Gwaggo Ladingo mai magani, wadda ta girmi kowa a garin. Ta shinshina, ta ɗanɗana, ta zura ɗan yatsa cikin ƙoƙon, ta ce ita dai ba ta san wannan baiwar Allah ba. Wani Bafulatani da ya sha kai shanu har bakin manyan koguna ya juya shi, ya girgiza kai. Korau ya karɓa, ya tona rami a gindin randa inda ruwa ke ɗiga, ya dasa saiwar, ya danna ƙasa da tafin hannu.

Cindo ya dube shi. Sannan ya ce, a hankali, ba da wasa ba, "To Na-Baushe, in ta kama fa? Ga ta a tsakar gidanka, babu wanda ya san sunanta. Mu ne baƙin ke nan, ko ita?"