Hannun Ƙarfe a Shagon Gwal

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai, sai gawarsa!"

Muryar ta cika shagon gwal ɗin, amma ba wanda ya kwanta. Matan da ke zaɓen sarƙa sai suka sa shewa.

"Lah! Hannun Ƙarfe ne! Fim ake yi!"

Shi ne kuwa. Baƙar riga mai jan ƙasa, safar hannu ta ƙarfe, ga tabon fenti daga goshi har haɓa. Shekaru ya yi yana fitowa bos a finafinai, mugun nan mai narkar da ƙofar banki da tafinsa. Daga baya aka daina kiransa, wai ya tsufa. Rigar ta koma akwati.

Ƙanin matarsa, wanda ake kira Tsatsa, shi ya sa aka fito da ita.

"Yaya, kai dai ka yi abin da ka saba," in ji shi. "Abokina Ƙwaro zai riƙe kyamara, kowa ya ɗauka fim ne. Mu kwashe, mu fece. Bindigar ma ba harsashi, na rantse."

Hannun Ƙarfe ya san fashi ne, amma ya yarda. Ba gwal ɗin kaɗai ya ja shi ba. Kewar idanun mutane ke cinsa.

To ga idanun nan yau, rana tsaka, har bakin titi. Tsatsa da Ƙwaro sun rufe fuska. Tas! Gilashi ya tarwatse. Mai shago ya faɗa bayan kanta, yana lalubar waya.

Maigadi, wani tsoho mai furfura, ya matso yana murmushi. "Ranka ya daɗe, jikokina ba za su yarda na gan ka ba."

Sai tsohon ya hango maigidansa a ƙasa yana makyarkyata. Murmushin ya ɗauke. Ya cafke jakar da Tsatsa ke cikawa.

"Saki, baba!" in ji Tsatsa, yana nuna masa bindiga.

"Ba zan—"

Tau!

Tsohon ya zube. Waje ya kaure da tafi.

"Kai, dattijon nan ya iya faɗuwa!"

Hannun Ƙarfe ya daskare. Ƙarnin jini ya daki hancinsa.

A mararrabar gaba, wani Sufeto ya sauke wayarsa. Direban 'yan sanda ya ce, "Oga, ai an ce 'yan fim ne."

"Fim ne mai shago ke min kuka? Ja mota!"

Jiniya! Taro ya fara watsewa. Tsatsa da Ƙwaro suka afka motarsu. Hannun Ƙarfe ya biyo su, riga na harɗe masa ƙafa. Ya ja murfin — a kulle!

"Buɗe mana! Ka ce ba harsashi!"

Tsatsa ya ɗan sauke gilashi. "Haƙuri, Yaya. Kai duk garin nan an san ka. Mu ko ba wanda ya kalle mu."

Taya ta yi ƙara. Suka bar shi tsaye.

Ga lungu nan kusa, da ya so da ya bi. Sai ya koma cikin shagon. Ya cire safar ya jefar, ya durƙusa ya danne ƙirjin tsohon da hannu biyu.

"Baba, yi numfashi. Don Allah, baba."

A haka 'yan sanda suka same shi. Tsohon ya riga ya cika.

"Ina suka nufa?" in ji Sufeto.

Hannun Ƙarfe ya rufe ido. "Tsohuwar gada. Can za su sauya mota."

Ba su kai ga sauyawa ba, 'yan sanda suka tare su. Ƙwaro ya ɗaga hannu. Tsatsa ya buɗe wuta, aka mayar masa, ya mutu riƙe da jakar.

Bayan kwanaki matar Hannun Ƙarfe ta zo wurinsa a gidan yari. Ta rame, idanunta sun kumbura. Ba ta zauna ba.

"Kai ka faɗa musu hanyar da ƙanina zai bi?"

"Ni ne."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Inna ta ce kada na sake taka gidanta muddin ina aurenka. Yara sun daina zuwa makaranta, bidiyonka na wayar kowa. Auta kullum sai ta tambaye ni yaushe za a gama fim ɗin ka dawo." Ta dube shi. "Me zan ce mata?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta jira shi har gandiroba ya buga ƙofa, sannan ta juya ta fita.