Man Keken Ɗinki a Kan Birki

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura auren mai gyaran kekuna na bakin kasuwa da telar da ke aiki a saman shagon yadi, wata biyar bayan mahaifinta ya ce ko gaisuwarsa ba ya so.

A kan sikuta suka haɗu, ɗan keken nan mai ƙananan tayoyi biyu da ake tsayawa a kai a tura da ƙafa. Da shi take ƙarasawa wurin aiki daga tashar bas. Ta kawo masa shi kan yana rawa.

"Noti ɗaya ne ya saki, ki riƙa duba shi duk mako," ya ce mata. "Ina hular kwano?"

"Ɓata mini ɗauri take yi."

"Kwalta ba ruwanta da ɗauri."

Daga ranar take kiransa Sifana, shi kuma yake ce mata Allura.

Birkin sikuta marfi ne a kan tayar baya, a taka shi da dunduniya ya danne tayar. Sau uku Sifana ya gaya mata kada mai ya taɓa wurin. Amma shekararta tara a kan keken ɗinki, duk abin da ya yi ƙara a gabanta mai take ɗiga masa. Wata Laraba birkin ya fara ƙara, ta ɗiga. A gangaren tasha ta taka, marfin ya zame, ta daki shinge, wuyan hannunta na dama ya karye. Kwana biyu kafin nan Sifana ya canza mata tayar.

Mahaifinta tsohon direban babbar mota ne, shekara talatin bai taɓa goge ko akuya ba. Ya kulle sikutan a sito, ya ce, "Wanda ya taɓa birki birkin ya ƙi ci, ba zan ba shi 'ya ba." Ɗan yayarsa mai mota ya shiga kai ta asibiti, har da ranakun da likita bai ce ta je ba.

Sifana ya san gaskiya tun ranar. Shi ya tsinto sikutan a bakin titi, ya shafa marfin, ya shinshina yatsa. Ya yi shiru saboda tana cikin ciwo. Ita ma ta yi shiru, don dama Baba bai so ta hau abin ba, sai da ta rantse masa ta iya kula da shi. Aka cire filasta, shirun bai ƙare ba. Masu kawo gyara suka fara tambayarsa ko ya ɗaure da kyau.

A wata na huɗu ya tura mata saƙo: "Allura, na gaji. Hannunki ya warke, sunana bai warke ba. Ba zan je in kai ƙararki wurin Baba ba, amma ba zan tsufa a ƙofar gidanku ba."

Ta amsa: "Kai ba ka san Baba ba, Sifana."

"Na san shi. Direba ne, yana da hanci."

 Bayan kwana bakwai ta ajiye kwalbar man keken ɗinkin a gaban mahaifinta. Ya buɗe sito, ya shafa marfin, ya shinshina, ya sa aka kira Sifana. A tsakar gida ya sa shi ya kwance tayar, ya wanke birkin, ya mayar, yana tsaye a kansa.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Baba, ba maganata ba ce."

"In dai birki ne, maganar kowa ce. Ka turo manyanka."

Bayan ɗaurin aure ya sa musu albarka, ya ce Allah ya kai su nesa lafiya, ya ba su zuri'a mai jin magana fiye da uwarsu. Amarya ta sunkuyar da kai, ango ya ce amin da ƙarfi.

Sikutan dai yana sito. Baba ya ce zai bayar ranar da ya ga hular kwano a kanta. Ango ya sayo hular tun kafin biki. Har zuwa jiya tana cikin kwalinta.