Koren Zaren Baba Japheth

Baba Japheth mai ɗinkin littattafai a Samaru bai yi nisa a boko ba, amma ya tara manyan littattafan zanen dodanni goma sha tara, masu bangon fata da ruwan zinariya. Matarsa Keziya ta hana su kwana a gida, sai a shago.

Na ƙarshe da ya samo a Sabon Gari, shafin tsakiyarsa a yage yake, daidai fuskar wata halitta mai fitowa daga teku. Ya ɗinke da koren zare, ya yi ƙulli biyu irin nasa.

Ran Laraba an ɗauke wuta, yana shirin rufe shago, sai ga wani dogo cikin rigar ruwa, alhali rabon gari da ruwa wata uku. Ƙarnin ɗanyen kifi ya cika wurin.

"Baba, littafin nan na zo karɓa." Muryar kamar daga cikin randa.

"Ba na sayarwa ba ne, ɗana."

"Ban ce saye ba."

"To saurara. Gara ta gwada, Keziya ma ta gwada. Ko ɗaya bai bar shagon nan ba."

Baƙon ya sunkuyo, Baba ya ɗaga tocila. Daga kunnen mutumin har haɓa ɗinki ne da koren zare, ga ƙulli biyu a ƙarshe.

Baba ya dafe littafin, ya lalubo reza.

"Ni na ɗinke ka," in ji shi. "Ƙara taku ɗaya, in farke ka."